Yadda za ka yi lambun buhu a gidan haya a Legas ba tare da ka sayi taki ba

Duk wanda ya taso a Arewa ya zo Legas ya ce zai yi shuka, abu na farko da zai fara cirewa daga ransa shi ne tsoron rashin ruwa. A gida damuwarmu kenan tun muna yara, yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, shi ya sa duk dabarunmu na riƙe ruwa ne, a yi gurbi a yi ƙofa a tare shi kar ya gudu. Toh nan abin juyewa ya yi. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya haura milimita 1,500, Sakkwato kuwa da kyar take kai 700, kuma mafi yawansa tsakanin Afrilu da Yuli yake zuba, Yuni ya fi kowane wata, ya ɗan tsagaita a Agusta sannan ya dawo Satumba da Oktoba. Shukar da ta mutu a Agege ko Idi-Araba yawanci ba ƙishi ne ya kashe ta ba, saiwarta ce ta jiƙe ta ruɓe. In ka gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Tsarin da nake bi shi ne wanda Turawa ke kira famakalca. Wasu mutanen Ostareliya biyu ne, Bill Mollison da David Holmgren, suka tsara shi suka ba shi suna a shekarun 1970, amma gaskiya in ka duba cikinsa za ka ga abin da kakanninmu ke yi ne, a haɗa gero da wake a kunya ɗaya, a bar gawo a tsakiyar gona saboda shi da damina yake zubar da ganye ya ba ƙasa ƙarfi bai tare wa shuka rana ba, a kwashe jujin gida da kashin awaki a kai gona a kan jaki, a dawo da kara da harawa dabba ta ci. Komai yana zagayawa, abin da wannan ya zubar shi ne abincin wancan. Abin da ya rage mana kawai shi ne mu matse wannan zagayen ya shiga baranda ko lungun bayan ɗaki, a gidan da ba namu ba.

Wannan maganar "ba namu ba" ɗin tana da muhimmanci fa. Yawancinmu haya muke, gobe ana iya cewa ka tashi, don haka duk abin da za ka shuka ya zama wanda za ka iya ɗagawa ka sa a mota. Shi ya sa buhu da bokiti suka fi ƙasa. Kuma kafin ka jera ko buhu ɗaya ka samu mai gidan ko wanda ke kula da gidan ka gaya masa, ka gaya wa maƙwabtan da kuke tsakar gida ɗaya da su, ka ce Baba ga abin da nake so in yi a wancan lungun, ba zan toshe kwata ba, ba zan ɓata bango ba. In ganye ya fito ka fara kai musu. Matan Yarbawa da Ibo da ke gidan sun fi mu sanin ganyen ƙasar nan nesa ba kusa ba, sau da yawa ma a hannunsu za ka samu irin farko kyauta.

Sannan kar ka yi gaggawa, ka ɗauki 'yan kwanaki kana kallon wurin. Ina rana ke faɗawa, awa nawa take yi a wurin kafin inuwar bene ta rufe shi, ina ruwa ke kwanciya in an yi ruwa, ina indararo ke zubarwa. Kuɓewa da barkono da tumatir suna son rana kamar awa 6 ko fiye, ganye yana iya haƙuri da awa 4, citta da gangamau da gwaza su inuwa-inuwa ma suka fi so. Wurin da ake ajiye janareta ko inda makanike ke zubar da baƙin mai ko aka taɓa fasa batir, kar ka ɗebi ƙasar wurin, dalma tana zama a ƙasa shekara da shekaru kuma abin nan cikin yaranka zai shiga.

Buhun shinkafa ko na dusa mai cin kilo 50 ya isa. Ka huda gindinsa da yawa, kar ka ji tsoro, ka ɗora shi a kan bulo ko tsohon katako ya zama bai taɓa ƙasa ba, don in tsakar gida ta cika da ruwan kwata kar ya taɓa shukarka. Ka samu gwangwanin madara babba ko guntun bututu mai faɗi, ka cire gindinsa, ka tsayar da shi a tsakiyar buhun ka cika shi da tsakuwa, ka zuba ƙasa a kewaye, sai ka ja gwangwanin sama ka sake cikawa, haka har ka kai baki. Kaga yanzu akwai hanyar tsakuwa daga sama har ƙasa, ruwa zai bi ta nan ya ratsa ko'ina kuma rarar ta fita. Ka tsaga ƙananan ramuka a jikin buhun ka dasa ganye a ciki, sama kuma ka sa mai tsayi. Buhu ɗaya sai ya ɗauki abin da kunya guda za ta ɗauka. Rana tana cinye buhu, kusan shekara za ka ga ya fara yagewa, sai ka juye ƙasar a wani, ƙasar ita ce dukiyar ba buhun ba. In a saman bene za ka jera, ka tuna jiƙaƙƙen buhu nauyi gare shi sosai, ka bi gefen bango da kan ginshiƙi, kar ka tara su wuri ɗaya a tsakiya.

Haɗin ƙasa: awo biyu na ƙasa, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na abin da zai sa ta yi sako-sako. In kana wajen Agege ko Ikorodu inda ƙasar ke da ja da danƙo, wannan na ƙarshen ya zama yashi da garin gawayi. In kana Ajah ko Ojo ko Badagry inda yashi ne zalla, ka ƙara taki, ka nemi ɓawon kwakwa ka daddatsa ka zuba, yana riƙe laima. Garin gawayin nan da ke taruwa a gindin buhu wajen masu sayar da gawayi da masu tsire, kar ka raina shi, amma ka fara jiƙa shi cikin ruwan taki sati ɗaya ko biyu kafin ka haɗa, in ka zuba shi haka nan shi zai fara shanye abincin da shukar za ta ci.

Yanzu maganar taki, wadda ita ce zuciyar abin gaba ɗaya, kuma nan ne Bahaushen Legas ya fi kowa sa'a, don kusan duk inda kayan taki ke fita 'yan uwanmu ne a wurin. Kasuwar Mile 12 kullum ana zubar da ganyen kabeji da lawashi da kayan gwarin da suka lalace. Kasuwar shanu ta Kara da mayankar Oko-Oba a Agege kashin shanu ne jibge. Kasuwannin dabbobi kuma kashin tumaki da awaki. Mai shayin layinku yana zubar da ɓawon ƙwai da ganyen shayi kowace safiya, mai lemo da kankana da mai rake suna neman inda za su kai ɓawo. Ka ce masa Malam don Allah ka riƙa tara min a leda, zan riƙa zuwa ɗauka, kuma ka riƙa zuwa ɗin, kar ka bar masa yana wari a gefen teburinsa.

Ka samu duro ko babban bokitin fenti da aka wanke tas, wanda ba a taɓa zuba guba ko kemikal a ciki ba, ka huda gindi da jiki ko'ina don iska ta shiga. Ka fara shimfiɗa busasshen abu a ƙasa, busasshen ganye, yagaggen kwali, ɓawon rake, ɓawon gyaɗa, garin katako kaɗan, sai ɗanyen abu a kai, ɓawon doya da na ayaba da ragowar ganye da kashin dabba, sai ka sake rufewa da busasshe. Busasshe ya ninka ɗanye sau biyu ko uku. Wannan shi ne inda mutane ke faɗuwa a Legas, domin iskar nan da kanta jiƙaƙƙiya ce, in ka yi ta zuba ɗanye kawai sai abin ya zama caɓi ya yi ɗoyi maƙwabta su taso maka, kuma da gaskiyarsu. Takin da aka haɗa daidai ba ya ɗoyi. In ka ji wari, ƙara kwali da busasshen ganye ka juya. In ka damƙa a hannu ka matse ya kamata ka ji laima amma ruwa bai tsiyaya ba. Ka rufe shi kar ruwan sama ya shiga ya wanke amfanin, ka juya sau ɗaya a sati da sanda, za ka ji cikinsa ya ɗau zafi, alamar yana aiki kenan. Da zafin garin nan wata biyu zuwa uku ya zama baƙi ya yi laushi, ba ka gane abin da ka zuba.

Nama, ƙashi, mai, ragowar miya da tuwo, kar su shiga. Ɓera suke jawowa, kuma ɓera a gida ba abin wasa ba ne tunda ta wajensa zazzaɓin Lassa ke zuwa. Kashin kaji yana da ƙarfi sosai, in ka sa shi ɗanye zai ƙone shuka, dole ya ruɓe tukuna, kuma duk wani ɗanyen kashi bai kamata ya kusanci abin da ake ci ɗanye ba irin su latas da gurji. Toka tana da amfani, amma barbaɗe kaɗan, kuma kar ka cakuɗa ta da ɗanyen kashi don ƙarfin takin zai bi iska. Ruɓaɓɓen tumatir na kasuwa ni ba na sa shi a takin da zan ba tumatir ko barkono, yana iya zuwa da cuta.

In kana son na ruwa, ka ɗaure kashin awaki ko na shanu a tsohon buhu ka tsoma a duron ruwa ka rufe, bayan sati biyu ka riƙa ɗiba kana sirkawa, kofi ɗaya ga kofi goma na ruwa, har kalarsa ta zama kamar shayin da bai ji ganye ba, ka zuba a gindi ba a kan ganye ba. Shukar buhu tana buƙatarsa don ruwan sama yana wanke mata abinci da sauri.

Me za a shuka? Abin da ƙasar ke so, ba abin da muka saba da shi kawai ba. Albasa mai lawashi za ta yi, amma wai ka ce za ka samu manyan ƙwayoyi irin na Aliero da daminar Legas, ka bar wannan. Tumatir ma da damina wahala yake ci, laima da ciwon da ke sa shi ya yi yaushi ya mutu dare ɗaya, in za ka gwada ka bari sai Nuwamba zuwa Fabrairu. Amma ganye, nan gidansa ne. Alayyafo, wanda Yarbawa ke ce wa tete, sati uku zuwa huɗu ka fara yanka, irinsa ƙanana ne sai ka cakuɗa da yashi kafin ka watsa, kuma in ka yanka ka bar gindin zai sake tohowa. Lalo shi ne ewedu ɗinsu, irinsa yana da taurin kai, sai ka ƙulle shi a ƙyalle ka tsoma a ruwan zafi kamar daƙiƙa 10 ka cire ka shanya kafin ka shuka, in ba haka ba sai ka yi ta jira. Kuɓewa wata biyu ta fara ba ka, ka riƙa tsinka tana ɗanya kullum ko bayan kwana biyu, in ka bar ta ta ƙosa sai ta rage haihuwa. Rama da yakuwa suna yi. Shuwaka da daddoya reshe kawai za ka yanko ka soka. Gbure, ganyen miyar nan da ake kira waterleaf, shi in ya shiga gida ba ya fita. Ugu kuma, ganyen miyar nan mai yaɗo kamar kabewa, irinsa ba ya ajiyuwa, in ya bushe ya mutu, don haka ka saya sabo daga cikin ƙwaryarsa ka shuka da wuri, ka ɗaura masa igiya ya hau bango ko waya, ba ya cin fili ko kaɗan.

Zogale, wanda na san shi ne kowa zai fara tambaya, yana yi sosai amma ba ya son ƙafarsa cikin ruwa, ka ba shi rabin duro mai huji da yawa da yashi a haɗinsa, kuma da ya kai ƙirjinka ka sare kansa ya yi rassa, in ka ƙyale shi zai miƙe ya wuce inda hannu ke kaiwa. Gwanda ma haka take da tsoron ruwa, ka shuka uku, in sun yi fure ka gane namijin da dogayen furanninsa masu reto ka rage.

Kar ka shuka abu ɗaya a jere, ka haɗa su hawa-hawa. Zogale ko gwanda a sama, kuɓewa da barkono a tsakiya, dankali ko gbure su rufe ƙasa, ugu na hawa bango, citta a can inda inuwa ta faɗa. Ka jefa wake nan da can yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyensa ma miya ne. Kuma kar ka bar ƙasa tsirara, ka rufe bakin kowane buhu da busasshiyar ciyawa ko ganye, da damina yana hana ruwa dukan ƙasar ya tafi da ita, da rani yana riƙe laima.

Duk da ruwan nan mai yawa, daga Disamba zuwa Maris za ka nemi na ban ruwa, kuma wanda ke sayen jarka a hannun mai ruwa ya san tsadarsa. Lissafin mai sauƙi ne, milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ce. Rufin ɗaki mai murabba'in mita 20 zai zubar da lita 30,000 a shekara, ba ka da inda za ka ajiye wannan, amma duro biyu masu lita 200 a ƙarƙashin indararo za su rage maka da yawa. Ruwan farko da ya wanko ƙura da kashin tsuntsu ka bar shi ya wuce. Bakin duron ka ɗaure shi da tsohon gidan sauro ko ka rufe ruf, sauro kwana 7 zuwa 10 kawai yake buƙata ya ƙyanƙyashe ya tashi, kar lambunka ya zama sanadin zazzaɓin yaran gida. Ruwan alwala shi ne wanda muka fi asara, sau biyar a rana, mai tsafta, ba sabulu, ka riƙa yi a kan baho ka juye wa shuka, ko ka ajiye buhun daddoya daidai inda ake alwalar. Ruwan wankin shinkafa da na ganye duk haka. Na wanki mai omo da bilic kar ka kai shi ga ganye, na kwata kuwa ko kusa.

Wanda Allah ya ba fili wajen Ikorodu ko Epe ko Mowe bai fara gini ba, shi kunya zai tayar mai tsayi da hanyar ruwa a tsakani. Ya kuma gwada wannan: ya haƙa rami mai faɗin mita biyu zurfin kusan mita ɗaya, ya tara ƙasar a baki ta zagaye, ya cika ramin da itace da ganye da ɓawo, ya dasa ayaba ko agade a kan tudun da gwaza da dankali a tsakaninsu, ya karkato ruwan wanka ya shiga ramin. Ayaba mashayiya ce, za ta shanye ruwan ba zai kwanta ba.

Ƙwari za su zo. Darɓa da farin ƙuda a bayan ganye, tsutsa, da katantanwa wadda ita ce babbar ɓarauniyar damina, da dare take fitowa ta share maka sabon dashe. Ita sai ka fito da tocila bayan isha'i ka tsince. Sauran kuma ganyen dogon yaro, ka daka kamar kilo ɗaya ka jiƙa a lita 5 ya kwana, ka tace ka sa ɗan sabulun salo don ya kama ganye, ka fesa da yamma har bayan ganyen, ka maimaita duk sati ko bayan an yi ruwa. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake. Ganyen da za ka yanka nan da kwana kaɗan, maganin feshi na kanti bai dace da shi ba sam.

In abin ya zauna sai ka ƙara dabba, don ita ke rufe zagayen. Zomo ya fi dacewa da gidan haya, ba ya kuka, yana cin ganyen dankali da ragowar lambu, kashinsa ba shi da zafi irin na kaza. Masu tarwaɗa a tankin roba su kuma ruwan da suke zubarwa in sun canza taki ne tsantsa, in maƙwabcinka na yi ka roƙa. Akwai kuma wata tsutsa mai kauri da za ka iya gani a duron takinka, fara-fara daga baya ta yi duhu, kar ka tsorata ka zubar. 'Ya'yan wani baƙin ƙuda ne mai siffar zanzaro, ba ya cizo ba ya sauka kan abinci, tsutsar tana cinye ɓawo da sauri ƙwarai, kuma in an busar da ita kusan kashi 40 cikin ɗari furotin ne, kaji da kifi suna rububinta. In ta ƙosa da kanta take hawowa neman busasshen wuri, sai ka jingina mata ɗan katako daga cikin duron zuwa baki ka tara gwangwani a ƙasa.

Buhu goma ba za su ciyar da gida ba, shinkafa da masara da mai duk sai ka saya, wannan kar wani ya ruɗe ka. Abin da za su ɗauke maka shi ne ganyen miya da ɗan barkono da kuɓewa, kuma ka san da ruwan da aka shayar da su. Ka fara da uku, alayyafo, lalo, da kuɓewa, in ka ga ka iya da su ka ƙara.

Iri kuma ka riƙa ajiye naka. Ka bar gindi ɗaya ko biyu mafi kyau su ƙosa, ka cire ka shanya sosai, lokacin hunturu ya fi, ka zuba a kwalba da ɗan toka ka toshe bakin, don laimar Legas tana kashe irin da aka bari a takarda ko leda cikin 'yan watanni. Irin kanti da ka ga an rubuta F1 a jikin fakitinsa, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar, wannan kar ka wahala ajiyewa. Ledar fiya wata da aka yanke wa kai aka huda gindi ta isa ka rena barkono da gwanda kafin dashe.

Sai maganar tafiya gida, tunda da Sallah ko wani uzuri dole a rufe ɗaki a nufi Arewa. In damina ce abin da za ka duba kawai shi ne hujin buhunan bai toshe ba. In rani ne, kafin ka tafi ka yanke ganyen da ya isa yanka ka rabar, ka ja buhunan su matsu wuri ɗaya inda rana ba ta daɗewa, ka shayar da su sosai ka ƙara kaurin ciyawar da ke kai, ka cika gorunan roba da ruwa ka yi wa murfin ƙaramin huji da allura ka kifa su a gindin kowace shuka. Wannan zai riƙe su kamar sati ɗaya. In za ka wuce haka ka damƙa wa maƙwabci, ka nuna masa duron ruwa, ka ce duk abin da ya nuna kafin ka dawo nasa ne.